Abin da Inna Kulu Ta Ji a Bakin Turmi

Kwana huɗu da gobarar Khairunnisa ta iso gida. Tun daga inda ɗan acaɓa ya saki titin Babban Mutum ya kama burtalin ƙauyensu ta hango wurin: wani baƙin fili a tsakiyar gonar kawunta Zakiyyu, inda aka jibge geron bana gaba ɗaya ana jiran amalanke. Dami ɗari da ashirin, in ji ɗan acaɓan, ko ɗaya bai tsira ba.

"An san abin da ya tayar da wutar?" ta tambaye shi.

"Mati ne, na rugar bayan tafki. Yana hannun hukuma. Ai Innarki ce ma ta ji shi da kunnenta."

Khairunnisa ita ce autar Inna Kulu, a gida ma Auta ake kiranta. A Kano take aiki, a sashen kunne na wani asibiti, tana auna jin mutane, tana kuma haɗawa da karatun digiri na biyu. Hutun da ta ɗauka ba na hutawa ba ne. Sati biyu ta yi tana yawo tsakanin Daura da Zango da kwamfuta a jaka, tana roƙon mutane su ba ta aron kunnuwansu. Sai ta sa wa mutum abin saurare, ya ji bugu a jere kamar tafiyar agogo, daga nan wani ɗan siririn sauti ya biyo, ita kuma ta tambaya: hawa ya yi ko sauka? Abin da take ta gani shi ne, idan sautin ya riga lokacin da kunne ke jiransa, mutane sukan ce ya hau. Idan ya ɗan makara, su ce ya sauka. Alhali sautin ɗaya ne, ba ta taɓa shi ba. Mutum arba'in da uku ta gwada, malaminta kuwa ya ce ba su isa a kafa magana a kansu ba tukuna.

Ta tarar da ƙofar gida cike da samari. Ba wanda ya yi mata barkwancin da aka saba, na 'yar birni ta zo da ƙafa fara. Suka amsa sallama a taƙaice suka koma ƙus-ƙus. Ɗaya daga cikinsu yana feƙe gora da wuƙa.

A ciki, bayan ta sha ruwa ta yi jaje, Inna Kulu ta ba ta labarin tana tsince wake.

"Ranar Juma'a ce da hantsi. Muna lugude a nan, ni da Haulatu maƙwabciyarmu da matar Malam Sada. Sai na ji babur ya tsaya bayan danga. Amadu mai babur ne, na nan ƙauyen, yana ce wa wani, 'Hayaƙin can ba gonar Zakiyyu ba ce? Hatsinsa fa?' Sai na ji muryar Mati, ya ce, 'Ya ƙone mana.' Haka ya faɗa, Auta, kamar mai tofar da yawu. Wato bari ya ƙone, ina ruwansa. Taɓarya ta kuɓuce mini."

"Shi Amadun me ya ce?"

"Wai injin babur na kunne, kalmar ƙonewa kawai ya tsinta ya fizgi babur. Su Haulatu sun ji murya, ba su ji magana ba. Ni ce na ji."

"Shi kuma Mati?"

Inna Kulu ta taɓe baki. "Me zai ce? Wai labari yake bayarwa. Wai ya hango hayaƙi ya ruga, ya yi ta dukan wuta da reshe har hannunsa ya sale, ya ga ba abin ceta, ya taho ya faɗa. Mutumin da sati guda kafin nan shanunsa suka shiga waken kawunki, suka yi ta sa-in-sa a gaban mai gari. Jibi Alhamis alƙali zai ji ta bakina."

A ranta Khairunnisa ta maimaita maganar sau biyu. Idan aka ɗaga "ya" ɗin aka ja shi, labari ne: hatsi ya riga ya ƙone. Idan aka saukar da shi aka datse, mugun baki ne. Tsakanin biyun gaɓa ɗaya ce tak, ita kuma gaɓar ta faɗo ne tsakiyar taɓare uku.

Da yamma ta leƙa gidan kawunta. Zakiyyu na zaune a kan buhu, ya rame a kwana huɗu, idanunsa jajur. Mutum goma sha ɗaya ke ci daga hannunsa, rumbunsa biyu kuma ga su nan a buɗe, an share su an shafe da sabuwar ƙasa ana jiran hatsin da ba zai zo ba. Ta yi masa jaje, ya amsa ba tare da ya ɗago ba. A hanyar dawowa ta ji samarin nan suna cewa, da zarar kotu ta tabbatar, ruga ma za ta ɗanɗana abin da gona ta ɗanɗana. Matan rugar sun daina shigowa da nono tun ranar Asabar.

Washegari da safe, bayan sun karya, ta matsa kusa da uwarta.

"Inna, lokacin da Mati ya yi maganar nan, kun tsayar da daka?"

"Ina muka tsayar? Sai da na ji shi."

"To akwai abin da nake so in gaya miki, don Allah kada ki yi fushi." Ta yi mata bayanin aikinta a hankali, da bugun, da siririn sautin, da yadda kunnen da ya kama kiɗa yakan ja sauti sama ko ƙasa ba da sanin mai shi ba. "Ina tsoron ko taɓarya ta cinye jan maganar, abin da ya rage sai hawa da sauka, shi kuma lugude ya karkatar da shi."

Inna Kulu ta ajiye ludayi. "Ƙarya na yi ke nan."

"Ban ce ba, Inna."

"Me kika ce? Bokon ne ya kai ki ki ƙaryata kunnen da ya fara jin kukanki? Shekara hamsin ina daka. Ina bakin turmi nake gane akuyata a cikin garke idan ta yi kuka. Kawunki na can bai san abin da zai sa wa 'ya'yansa a baki ba, ke kin zo da akwati za ki wanke wanda ya ƙone shi."

"Ba wanke shi na zo yi ba. Mai yiwuwa abin da kika ji shi ya faɗa. Amma gobe alƙali zai ce ki ji tsoron Allah, ga samari a waje da gorori. Ina so in kin buɗe baki ya zama kin tabbata."

Tunda Khairunnisa take ba ta taɓa ja da uwarta haka ba. Inna Kulu ta daɗe tana kallonta, sannan ta miƙe ta gyara ɗaurin zane.

"Kira Haulatu. A fito da turmi. Yau za ki ga kunne."

Malam Sada, malamin firamare da ke maƙwabtaka da su, bai so shiga ba. Ya ce wannan magana wuta ce. Sai da Inna Kulu da kanta ta aika masa sannan ya zo. Khairunnisa ta tsayar da shi bayan danga, daidai inda aka ce Mati ya tsaya, ta ba shi takarda mai layi talatin. A kowane layi ta rubuta ko "labari" ko "baki", a cakuɗe. Aikinsa ya faɗi "ya ƙone mana" yadda layin ya ce. Inna Kulu kuma ta faɗi wanda ta ji. Khairunnisa ta ajiye na'urar ɗaukar murya a kan kujera 'yar tsugunno.

Goman farko ba daka. Inna Kulu ta tsaya riƙe da ƙugu tana amsawa tun kafin Malam Sada ya rufe baki. Labari. Baki. Baki. Labari. Goma cif, ba kuskure ko ɗaya.

"To?" in ji ta.

"Saura da lugude, Inna."

Aka zuba gero. Taɓare uku suka ɗauka, ɗaya na sauka ɗaya na tashi, har ƙasa na amsawa. Inna Kulu ta shiga cikin kiɗan yadda ta saba, tana cilla taɓarya tana tafa hannu tana cafewa. Malam Sada ya fara. Khairunnisa na riƙe da kwafin takardar tana yin alama. Na farko daidai. Na biyu daidai. A na uku takarda ta ce labari, Inna Kulu ta ce, "Baki!" da ƙarfinta. Khairunnisa ta yi alama. Ba ta ɗago ba, don kada fuskarta ta tona.

Suna kan na goma sha biyu aka ji ihu a bayan danga.

Zakiyyu ne. Ya biyo ta lungun zai je wurin mai gari, sai ya tarar da mutum tsaye a bayan gidan yayarsa yana ta nanata "ya ƙone mana, ya ƙone mana", ana raka shi da lugude. Kafin Malam Sada ya buɗe baki ya ci kwalarsa ya haɗa shi da danga har kara na karyewa. Samari suka kwararo daga ƙofar gida. Daka ta tsaya.

"Waƙa kuka mai da ni?" Zakiyyu ke faɗa, jijiyoyin wuyansa sun tashi. "Hatsina ne abin kiɗa?"

Khairunnisa ta fito da gudu ba ko mayafi. "Kawu, ni ce! Ni na sa shi, don Allah sake shi!"

Ya juyo ya dube ta kamar bai santa ba. Ta yi ƙoƙarin bayani, maganar na fita a guntule, samari na gunaguni a bayanta. Wani ya ce an saye ta. Wani ya ce a fasa akwatin. Mai gorar nan ya matso har tana jin hucinsa.

"Zakiyyu."

Inna Kulu ce, ta leƙo ta saman danga, gari a goshinta.

"Sakar masa riga. Ni na kira shi. Ku kuma ku ba mu wuri, ba a haife ku ba na fara daka a gidan nan."

"Yaya, gobe ne fa shari'ar."

"Na sani. Shi ya sa. Yarinyar nan ta ce kunnena na iya ruɗuwa, ni kuma na ce ƙarya ne. Shigo ka zauna ka ga yadda zan kunyata ta."

Ya saki Malam Sada a hankali. Ya shigo ya tsaya a bakin rumbu, bai zauna ba. Malam Sada ya tsinci takardarsa a ƙasa, aka ɗora daga inda aka tsaya. Takwas ɗin da suka rage Khairunnisa ta ji su kamar shekara.

Da aka gama ta kira Malam Sada ya shigo da tasa takardar, don kada a ce ita ta shirya. Ya karanta layi-layi, ita tana faɗin amsar Inna. Cikin ashirin, bakwai sun saɓa. Shida daga ciki labari ya faɗa, Inna ta ji baki.

"Ƙarya ne," in ji Inna Kulu, amma a hankali.

Khairunnisa ta kunna abin da na'ura ta ɗauka, ta nemo na uku. Ta rage ƙarar taɓaren gwargwadon iyawa, ta sa wa uwarta abin saurare. Ga muryar Malam Sada, ya ɗaga "ya" ya ja shi, sarai. Ga kuma muryar Inna Kulu a bayansa tana cewa "Baki!" Ta sake kunna mata. Ta nuna mata a fuskar kwamfuta inda taɓarya ta sauka, da inda maganar ta shigo, ɗan ƙiris a bayanta. A biyar daga cikin shidan haka abin yake.

Inna Kulu ta cire abin daga kunnenta ta riƙe shi a cinya. Haulatu ta sulale ta fita.

"To wanne ya faɗa?" Inna Kulu ta tambaya. "Shi Matin."

"Ban sani ba, Inna. Ba wanda ya ɗauki muryarsa ranar. Sha uku kin ji daidai. Yana yiwuwa ranar ma daidai kika ji."

"Ka ji ko, Yaya," Zakiyyu ya yi caraf. "Ita da kanta ta ce tana yiwuwa. Ki je ki faɗi abin da kika ji, shi ke nan. Wasan yara ne zai rushe shaidarki?"

Inna Kulu ta tashi ta kwashe garin da ke turmi ta shiga ɗaki. Ranar ba ta ƙara yi wa kowa magana ba, har Khairunnisa. Tuwon dare ma Haulatu ce ta aiko musu.

Ranar Alhamis a-kori-kura biyu suka cika daga ƙauyen. Kotun ƙarama ce, benci shida, sauran jama'a suka tsaya a tagogi. Mutanen ruga na gefe guda a ƙarƙashin dalbejiya, su bakwai, da sandunansu a kafaɗa, ba mai ce musu ba su ce wa kowa. Khairunnisa ta zauna a bencin mata, jakar kwamfuta a ƙafarta, ba ta san abin da uwarta za ta faɗa ba. A mota ta so ta tambaya, ta ga fuskar ba ta ba da hanya ba.

Aka shigo da Mati. Dogo ne siriri, hannunsa na dama a naɗe da tsumma. Bai dubi kowa ba.

Magatakarda ya karanta bayanin da aka rubuta tun farko. Da ya zo kan maganar sai ya yi turus, ya karanta ta ta wata fuska, ya sake karantawa ta ɗaya fuskar. Alƙali, wani dattijo mai farin gemu da tabarau a karan hanci, ya karɓi takardar ya duba.

"A rubuce duk ɗaya ne," in ji shi. "Sai mai kunne. Ina Kulu?"

Ta tashi ta matsa gaba ta durƙusa.

"Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah, ki sani za a tambaye ki wannan ranar da ba alƙali sai Shi. Kin ji wannan mutum ya yi magana a bayan dangarki?"

"Na ji, Allah ya gafarta Malam."

"Muryarsa ce?"

"Tasa ce. Wannan ko a kabari zan faɗa."

Aka yi guɗar gunaguni a tagogi. Zakiyyu ya gyara zama.

"Me ya ce?"

"Ya ce ya ƙone mana." Ta faɗe shi a shimfiɗe, ba hawa ba sauka.

"Wanne daga ciki? Labari ya bayar, ko fata ya yi?"

Inna Kulu ta dubi ƙaninta, ta daɗe, sannan ta mai da ido ƙasa.

"Ranar, fata na ji. Har jiya da safe da an ba ni Alƙur'ani zan dafa. Amma ina cikin lugude na ji shi, jiya kuma an gwada ni a cikin lugude, na ji kaina da kunnena ina kiran fari baƙi har sau shida. Allah ya gafarta Malam, ba zan iya rantsuwa a kan wanne ne ba."

Tagogi suka ɓarke. Zakiyyu ya miƙe tsaye yana cewa, "Yaya! Yaya!" har sai da ɗan sandan kotu ya dafa shi. Alƙali ya buga tebur ya tambayi wane ne ya yi gwajin. Khairunnisa ta tashi. Ya saurare ta minti biyar, ya tambaye ta ko iliminta zai iya nuna abin da Mati ya faɗa. Ta ce a'a. Ya tambaye ta ko zai iya nuna cewa Mati bai sa wutar ba. Ta ce a'a, abin da ta sani kawai shi ne kunne mai lafiya yana iya kuskure a irin wannan hali, binciken nata ma bai kammala ba.

"To kin faɗi iyakarki," in ji alƙali. "Zauna."

Ya tambayi Zakiyyu ko yana da wanda ya ga an kunna wutar. Babu. Ya ce hujja a kan mai ƙara take, rantsuwa a kan wanda ya musa. Mati ya yi alwala da hannu ɗaya, ya rantse bai sa wuta ba, bai kuma sa a sa ba. Alƙali ya sallame shi. Kafin a tashi ya kira mai garin ƙauyen gaba, ya ce masa a gaban kowa, duk abin da ya sami ruga, ko da bukka ɗaya ce, shi zai fara nema, sannan ya sa aka rubuta sunayen samarin da ke tagogi.

A komawa ba wanda ya matsa wa Inna Kulu da 'yarta wuri a a-kori-kura. Acaɓa suka hau.

Ruga ba ta ƙone ba. Amma bayan kwana tara aka wayi gari mutanenta sun tashi da shanunsu sun tsallaka Nijar, ba sallama. Har yau ba a san abin da ya tayar da wutar ba. Wasu na cewa masu farautar gafiya ne, wasu na nan a kan Mati. Liman ya yi magana ranar Juma'a, aka haɗa wa Zakiyyu dami talatin da ɗoriya daga gida-gida. Inna Kulu ta aika da rabin rumbunta, ya mayar mata da shi. Ta sake aikawa ta hannun matarsa, wannan karon bai dawo ba, amma ya daina bi ta lungun gidanta. Sai da azumi ya zo, ta kwanta zazzaɓi, sannan ya shigo ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ya jiki?"

Ita kuwa Khairunnisa tun ranar Lahadin da ta biyo bayan shari'ar ta koma Kano. Da safen da za ta tafi Inna Kulu ta ƙulla mata daddawa da kuka a leda, ta raka ta har zaure, abin da ba ta saba ba.

"Idan ya zama shi ne fa, Auta?" ta ce. "Idan daidai na ji?"

"Ni ma ina tunaninsa, Inna."

"To mu biyu ke nan." Ta miƙa mata ledar. "Ki gaida mutanen Kano. In kin isa ki kira wayar Malam Sada, ki kuma ba shi haƙurin rigarsa."